Injiniyoyin Gindin Tsani

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, janaretana ya koma baƙon da ba ya cin tuwo sai nama. Na jure iya juriya, ƙarshe na shiga Sabon Gari na sayo farantan sola huɗu, kowanne mai wat 550. Da mai haɗawa ya faɗi kuɗin gadon ƙarfen da za su zauna a kai, sai na ce haba, wannan ai ba sai an kira kowa ba. Na sayo ƙarfe a Ƙofar Ruwa, na ari injin huda, ranar Asabar na jingina tsani. Ashe a unguwarmu jingina tsani da buga gangar biki duk ɗaya ne.

Wanda ya fara amsa gayyar da ban yi ba shi ne Baba Mai Gabas. Dattijo ne maƙwabcinmu, mazauninsa gindin darbejiya, shi da rediyonsa. Ya taso a hankali, ya goya hannu a baya, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallona.

"Ɗan nan, ina za su kalla?"

"Kudu, Baba."

Ya yi salati mai tsawo, irin na wanda aka yi wa rasuwa a nesa. Sannan ya sassauta murya kamar mai tambayar ɗan aji ɗaya: "Rana daga ina take fitowa?"

Daga saman tsani na shiga karatu. Na ce Kano tana kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka a yawancin shekara rana ta kudu take karkata da tsakar rana, musamman lokacin hunturu. Farantin da ya kalli gabas zai ƙoshi da hantsi ya yi azumi da la'asar. Baba ya saurare ni tsaf, yana gyaɗa kai, har na ɗauka na ci gari. Da na kai aya sai ya ce shekararsa saba'in da biyu yana kallon rana, bai taɓa ganin ta fito ta Zariya ba. Masallaci gabas, yanka gabas, mamaci ma gabas ake fuskantar da shi, sai kwanona ne kaɗai zai juya wa alheri baya ya kalli Ikko.

Nan na tafka kuskuren da har yau nake biya. Don in nuna masa zurfin ilimina, sai na ƙara da cewa daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ma rana takan ɗan zarce ta arewa da mu. Fuskar Baba ta washe. "To ka ji! Da bakinka. Ɗazu kudu, yanzu arewa. Ashe ku ma ba ku tsayar da magana ba." Da aka idar da azahar ya taho da shaidu uku daga masallaci, ya sa na maimaita a gabansu. Baba ba shi da sola, ba ya kuma shirin saye. Amma shi ne ya aiko jikansa da ruwan randa har sau biyu, ya kuma hana yara tsayawa ƙarƙashin inda nake aiki. Yau tocilarsa a gidana take shan caji, wutar kudu, yana karɓa yana cewa da gabas ce da tuni ta cika.

Ƙanena shi ne Mai Riƙe Tsani. "Na riƙe, Yaya," in ji shi, da ƙafa ɗaya, yatsunsa biyu suna TikTok.

Akwai Da-Ka-Faɗa-Mini. Ba ya zuwa sai an gama ciniki. Ko nawa ka ce ka sayi abu, yana da wani yaronsa da zai ba ka rabin haka, kuma wayar yaron kullum a kashe take. Bayansa sai Mai Caja, wanda tun ƙarfe yana zube a tsakar gida ya iso da wayoyi uku a leda yana tambaya ko an fara.

Mai waldan da na kai wa ƙarfen kuwa awonsa a ido yake. Na kai masa takarda na rubuta komai: tsawon faranti kusan mita 2.3, faɗinsa mita 1.1 da ɗoriya, ga inda kowane noti zai shiga. Ya ninke ta huɗu ya ɗora kofin shayi a kai. "Oga, mun saba." Sai da na yi sawu biyar, kullum amsa ɗaya: idan an kawo wuta. Wato gadon da zai raba ni da jiran wuta shi ma layin wuta yake bi. Da aikin ya fito, ƙafa ɗaya ta gaza 'yan'uwanta da yatsa biyu. Ya duƙa ya duba, ya ce rufin ne ba daidai ba, alhali ko hanyar gidana bai sani ba.

Akwai kuma wani iri da ya fi duk waɗannan iya magana, Shehin YouTube. Ya kwana uku yana kallon Turawa suna ɗaura faranti, ya tashi yana jin ba shi da sa'a a Kano. Bai lura cewa malaminsa na farko ɗan Ostireliya ba ne, inda faranti arewa yake kallo saboda su a kudancin duniya suke. Na biyun kuma Bajamushe, wanda yake tayar da nasa sama da digiri 30 saboda ranarsu ƙasa-ƙasa take bi, ga dusar ƙanƙara. Mu nan 12 zuwa 15 ya wadatar, yadda ruwa zai gangara da ƙurar hunturu. Shehin nan sai da ya yanka ƙarfe biyu a awon Jamus kafin ya farga. Ba zan faɗi sunansa ba, amma guntayen suna nan bayan ɗakin girkinmu.

Uwargida tambaya ɗaya ta yi duk ranar Asabar ɗin. Ta leƙo ta ce, "Malam, ramukan nan da kake hudawa, damina ta san da su?" Na ba ta amsar masana, cewa a tudun kwano ake hudawa ba a kwarinsa ba, a sa roba ƙarƙashin noti, a kama katakon rufi. Ban gaya mata biyun farko a kwari na huda ba. A watan Yuni bokitin da ke gefen gado ya gaya mata.

Duk waɗannan na yafe musu, wasu ma ina kewarsu. Wanda ban yafe wa ba shi ne A-Haka-Ma-Ya-Yi. Gidansa na bayan namu. Shi bai yi gado ba sam. Ya shimfiɗa farantansa a kan kwano tsirara, ya ɗaure da wayar ɗaurin rodi, ya danne gefe da bulo da tsohuwar taya. Na ce masa a bar rata iska ta riƙa wucewa, don faranti idan ya yi zafi wutarsa raguwa take, kwanon Afrilu kuwa ƙwai zai soya. Wannan asararsa ce, shi ya jiyo. Na ce masa hadarin farkon damina ba ya wasa da abu mai faɗi. Ya ce Allah ne mai tsarewa.

Hadarin ya zo da la'asar. Faranti guda, kilo kusan 28 na gilashi da ƙarfe, fiye da rabin buhun siminti, ya tashi daga rufinsa ya sauka a lungun da yaran unguwa suke bi zuwa makarantar allo, 'yata a cikinsu. Ba a fi minti goma da wucewarsu ba. Mutumin nan ya fito a guje, kuma tambayarsa ta farko ita ce ko gilashin ya fashe. Sannan ya ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai ja. Amma noti takwas da ƙarfen da zai riƙe abin ba su kai kuɗin babbar rigar da yake ja a ƙasa ba, kuma ba kansa ya ajiye a lungun ba, kawunan 'ya'yan mutane ne. Washegari na gan shi a sama yana ƙara bulo. Sai da muka kai magana gaban mai unguwa.

Da ruwa ya ɗauke a ranar hadarin, Baba Mai Gabas ya zo ya tsaya kan fasasshen gilashin, ya tambayi ta ina iskar ta taso. Aka ce ta gabas. Ya juyo ya dube ni, ya ce ko iska ta san hanya. Ni dai ban tanka ba, hannuna na cikin aljihu yana juya notina uku da suka yi saura, ina ta tunanin ramin da ya kamata su shiga.