Sanyi Ta Ƙasa Yake Shigowa: Nazari Kan Gadon Lilo a Birnin Zariya

Gadon lilo, wanda wasu ke kira ragar kwanciya, ƙyalle ne mai ƙwari ko saƙar igiya da ake ɗaure bakinsa biyu a jikin bishiyoyi, mutum ya kwanta a ciki yana reto tsakanin sama da ƙasa. Turawa sun fara ganinsa ne a wurin mutanen Taino na tsibiran Karebiyan, waɗanda Kolombos ya tarar suna kwana a cikinsa a shekarar 1492, daga nan matuƙa jiragen ruwan Turai suka yaɗa shi a duniya. Kuma duk wanda ya lura cewa ƙasar da aka samo shi ba ta san hunturu ba, to ya fahimci rabin abin da ya sami marubucin wannan maƙala a wani gida da ke kusa da Ƙofar Kuyambana.

Zariya tana kan tudu, fiye da mita 600 bisa doron teku, shi ya sa a watannin Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauka zuwa wajen digiri 14 da asuba, alhali a Afrilu rana kan haura 35. Baturen ƙasar ƙanƙara zai kira wannan yanayi mai sauƙi, kuma da wannan fatawa marubucin ya yanke cewa bargo ɗaya zai ishe shi shekara. A bazara lissafin ya fita daidai, domin iskar da ke ratsawa ta ƙarƙashin ragar ta sa shi barci irin na sarakai tsakanin darbejiya da mangwaron tsakar gida, yayin da sauran mutanen gidan ke juyi a kan tabarma. Damina kuwa ta koya masa cewa sauro yana iya cizo ta cikin ƙyalle daga ƙasa, a daidai wurin da ba a sosawa a gaban surukai.

Matsalar hunturu ta fi wannan zurfi, kuma tana buƙatar bayani. Bargo ba ya haifar da ɗumi da kansa. Aikinsa shi ne ya tsare iska a tsakanin zarensa, jiki ya ɗumama ta, ita kuma ta hana zafin jikin tserewa. Idan mutum ya kwanta a kan bargon, nauyinsa yakan matse iskar ta fice, abin da ya rage ba shi da bambanci da fallen zane. A kan gado katifa ce ke rufa wannan asiri, amma a gadon lilo babu komai a ƙasa sai iskar arewa maso gabas da ta keto Sahara. Magabata sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi, domin gadon ƙasa da ake hura wa mai jego wuta a ƙarƙashinsa shaida ne cewa ta ƙasa ake tarar sanyi. Marubucin, da yake ɗan boko ne, sai ya tare shi ta sama: ya lafta bargo biyu da gwado, wato mayafin nan mai kauri na saƙar hannu, ya wayi gari ƙirjinsa na gumi, bayansa kuwa kamar randar da ta kwana a waje.

Masu yawon kwana a daji na Amurka sun warware wannan da wani bargo da ake ratayawa a ƙarƙashin ragar ta waje, inda nauyin jiki ba ya danne shi, sukan cika shi da lallausan gashin agwagwa. Marubucin ya ga babu dalilin neman agwagwa a garin da rimi ya yi suna har unguwanni irin su Rimin Tsiwa suka ɗauki sunansa, musamman da yake audugar rimi, wadda silinta ke da rami a ciki cike da iska, ba ta da nauyi, ba ta saurin shan ruwa, har an daɗe ana cusa ta a rigunan ceto na jiragen ruwa. Ya kai zanen abin da yake so wurin wani mai ɗinkin katifa a kasuwar birni, wanda ya juya takardar sau biyu, sannan ya ce, "Malam, katifar da za a kwanta a samanta na sani, amma wadda za a rataye a ƙasa ta yi ta kallon mutum, yau na fara ji." Duk da haka ya ɗinka, ya karɓi kuɗinsa.

Daren farko katifar ta yi lanƙwasa, ta bar tazarar taƙi guda tsakaninta da bayan mai gida, iska ta sami hanyar wucewa fiye da da. A nan ne ya tuna da hikimar gadon mai jego, ya tura kaskon garwashi ƙarƙashin ragar, ba tare da ya tuna ɗaya siffar audugar rimi ba, wato saurin kama wuta. Bai kai ga yin mafarki ba ƙauri ya tashe gidan, uwargida ta fito da bokitin ruwan da ya kwana a tsakar gida, ta sheƙa shi a kan wutar da katifar da mijin gaba ɗaya, a lokacin da ladan ke kiran sallar farko. Gwaggonsa, wadda ta leƙo daga ɗakinta da tasbaha a hannu, ba ta ce komai ba sai, "Sannu, ɗan nan. Namiji ne aka haifa ko mace?"

Murar da ta biyo baya ta yi kwana tara, kuma a cikinsu aka sassauto da ragar, aka mayar da ita rumfar kicin bisa umarnin uwargida, wadda ta lura cewa abin da iska ke ratsawa ta ƙarƙashinsa dare da rana ya dace da ajiyar albasa. Kwando biyu ke ciki yanzu, kuma har watan Maris ba a sami ko ɗaya da ta ruɓe ba.