In Gaba Ya Faɗi, Ina Hankali Yake Zuwa?

Mu dai duk masu kaifin ƙwaƙwalwa ne, muddin ba a zuba mana ido ba. Lambar sirrin katin banki ƙwaya huɗu ce tak, amma bari a tsaya gaban ATM ranar albashi, layi har bakin titi, wani daga baya ya ce "Malam, a taimaka mana mana," sai lamba ta yi ɓatan dabo. Ka danna ta ƙi, ka sake ta ƙi, tafin hannu ya jiƙe, maƙogwaro ya bushe, ka zare katinka kana cewa ai sabis ne babu. Kana shiga gida kana cire hula, sai ga ta ta dawo, ko sallama babu.

Aljanu muka saba ɗora wa laifi, alhali ɓarawon yana cikin gida. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ke sakin adirinalin da kotizol da zarar gaba ya faɗi: zuciya ta hau dukan uku-uku, jiki ya ɗaura ɗamarar gudu ko dambe, kuma ba ruwansa da bambance kura da mai bin ka bashi. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, mai riƙe lissafi da tsara zance, shi ne kan fara sarewa. Shi ya sa baƙar maganar da ta dace da rigimar safe ba ta zuwa mana sai mun kwanta da dare.

Sai dai ba a raina ɗan matsi. Tun 1908 Yerkes da Dodson suka gwada a kan ɓeraye a Amurka, suka ga matsi daidai gwargwado yana gaggauta koyo, amma in aikin mai wuya ne, yawansa ɓarna yake yi. Telolinmu shaida ne. Tun farkon azumi shadda ke jibge, sai daren jajibere basira ke saukowa, kuma a daren ne ake yanka wa Alhaji wando da awon ɗan autansa.

Wajen fuskantar abin fargaba kuwa gida biyu muke. Akwai wanda in an ba shi takardar gwajin jini, tun a bakin ƙofa zai buɗe, ya kwana a intanet, kafin asuba ya gano wa kansa cuta uku, gari ya waye ko canjin ɗari biyar ya kasa lissafawa. Akwai kuma mai ninke ta ya cusa ƙarƙashin katifa, "Allah ya sawwaƙe," ya sha barcinsa, ranar komawa wurin likita ta wuce bai sani ba. A unguwarmu dai, irin waɗannan biyun ne ke auren juna.

Masu magana sun ce hankali ke gani, ido gululu ne. A 1999 Simons da Chabris sun sa mutane a Harvard su ƙirga sau nawa 'yan wasa suka miƙa wa juna ƙwallo a wani bidiyo. Wata ta ratsa tsakiyarsu sanye da kayan goggon biri, kusan rabin masu kallo ba su gan ta ba. Za mu yi musu dariya, mu da ke birkita ɗaki neman waya muna haskawa da fitilarta.

Duk da haka ba mu yarda cewa taura biyu ba ta taunuwa. Ga rediyo, ga WhatsApp, ga miya a wuta, kowa na rantsuwa yana bin komai. Har masallaci ba mu bari ba: lissafin bashi bai taɓa fita tas irin na raka'a ta uku ba. Liman ya miƙe ta biyar, sahun gaba ya ɗauki "Subhanallah," mu ma mu ɗauka da ƙarfi, kowa na satar kallon na kusa da shi ya ga ko zama za a yi ko tashi.