Alhaji, Wa Ya Biyo Ka?

A unguwarmu magidanci ba ya gudu sai da ɗayan dalilai uku: kare ya biyo shi, gobara ta tashi, ko liman ya kusa ɗagowa daga ruku'u. Duk gudun da ya fita daga wannan lissafi abin bincike ne. A kan haka na tashi, har ranar da likita ya ɗaura mini abin awon jini a damtse, ya dubi lamba, ya dubi tumbina, ya ce, "Alhaji, wannan ba rufin asiri ba ne, bashi ne." Shekara ashirin ina tara shi da tuwo da balangu, jama'a suna yi mini barka da samun kwanciyar hankali.

Na fara da abin da ɗan zamani ke farawa da shi, wato sayayya. Kambas, riga mai tsotse gumi, da agogon da ke ƙirga taku yana kuma kai tsegumin zuciyata wurin waya. Na ɗauki hoto na saka a Facebook, aka yi ta zuba mini "Allah ya ba da sa'a" tun ban ɗaga ƙafa ba. Ɗana ya dubi kuɗin takalmin ya ce ai Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun yada-ƙanin-wani a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 ba ko silifa a ƙafarsa. Na ce masa ba tarbiyya ba ce yaro ya sa baki a harkar manya.

Ranar farko na fita bayan sallar asuba. Mai shayin bakin layi ya hango ni, ya saki ludayi.

"Alhaji, lafiya? Wa ya biyo ka?"

Ba ni da numfashin ba shi amsa. Da ya ga haka sai ya rufe tukunya ya rufa mini baya. Kafin mu kai gidan mai mun zama mu shida, ɗaya har da gora, sai a nan wani ya tuna ya tambaya, "Wai me muke gudu ne?" Mai adaidaita sahu kuwa jerawa ya yi da ni yana cewa, "Baba, hau mana. In ba canji ne, Allah zai biya."

A gida uwargida ta tare ni da cewa, "Maigida, in bashi ake bin ka, faɗa mini in sayar da awarwarona." Majalisa ta zauna da yamma ta yanke hukunci: mutum ba ya rage tumbi sai zai tsaya takara ko zai ƙara aure. Labarin ya riga ni shiga gida. Tun daga ranar man miyata ya ninka.

Haka na daure wata uku. Gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, har gwiwa ta daina kai ƙara. Sai na yi rajistar tseren kilomita 10 a Kaduna. Cikakken gudun yada-ƙanin-wani kilomita 42.195 ne, kuma Eliud Kipchoge na Kenya ya taɓa cinye shi cikin ƙasa da awa biyu a birnin Biyana a 2019. Ni dai ko kashi ɗaya cikin huɗu ban ɗauka ba, gwargwadon jikinka, gwargwadon ruwanka.

Ana busa usur muka zabura kamar an ce ana rabon shinkafa a gaba. Wani babban mutum ya yi taku ɗari a gaban masu kyamara, ya ɗaga hannu, ya shige motarsa. A kilomita na biyu rabin zaratan da suka wuce ni suna zaune kan kwalbati suna ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Yaran Filato, sirara kamar sillen kara, tuni sun ɓace. Wata baiwar Allah da hijabinta har gwiwa ta wuce ni tana cewa, "Sannu, Baba." Wannan sannun ta fi ciwon cinya zafi. Daga kilomita na bakwai motar asibiti ta riƙa bina a hankali, direban yana kallona irin kallon da ungulu ke yi wa ramammen jaki. Don in ba shi haushi kawai na ƙarasa, cikin awa ɗaya da minti arba'in.

Na isa majalisa da lambar yabo a wuya.

"Na nawa ka zo?"

"Na dai zo."

"Nawa aka ba ka?"

"Ni na biya kuɗin rajista."

Aka yi salati. Maƙwabcina, wanda ya fi kowa tumbi da dariya, ya ce tunda yake bai taɓa ganin wanda ya sayi wahala da kuɗinsa ba.

Bayan isha'i na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Shi ne, da takardar asibiti a hannu. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya rage murya.

"Alhaji, ƙarfe nawa kake fita? Mu tafi tare, amma tun da duhu. In kuma mai shayi ya tambaya, ka ce masa kare ne."