Jinjina Ga Masu Sayen Sirrin Talaka

Yaba kyauta tukwici. Shekara da shekaru manyan shafukan sada zumunta suna kwashe bayanan jama'a ba tare da sun ba su ko sisi ba, sai ga wasu bayin Allah masu tausayi sun ce wannan zalunci ne, su za su biya. Dole a jinjina musu.

A 2016 Ned Scott da Dan Larimer suka buɗe Steemit. Ka yi rubutu, a kaɗa maka ƙuri'a, a biya ka da sulallan STEEM. Saboda tsabar adalci, nauyin ƙuri'ar mutum daidai yake da yawan sulallansa, ta yadda attajiri guda zai rinjayi taron talakawa, kamar yadda ya kamata. Ga kuma riƙon amana: duk kalmar da ka rubuta tana shiga kundin da ba a gogewa. Matashin da ya fasa sirrin gidansu cikin fushi yana ɗan shekara 19 zai tarar an adana masa abinsa tsaf ranar da ya je neman aure ko aiki. Asusun kowa a buɗe yake, maƙwabci na ganin nawa ka samu da wanda ka tura wa. Ina aka taɓa ganin zumunci irin wannan? Da Justin Sun ya sayi kamfanin a 2020, wasu marasa godiya suka ce an sayar da su kamar awaki, suka ɓalle suka kafa Hive. Sun manta cewa abin da ke da daraja shi ake sayarwa.

Alherin bai tsallake mu ba. A 2024 wasan Hamster Kombat mai alƙawarin rabon sulalla ya sauka a Telegram, 'yan baiwa suka duƙufa. Ɗalibi a aji, mai shago a bakin kanta, uwa tana goye da jariri, kowa yatsa na dukan fuskar waya, ana biyan mai caji, ana sayen data. Aka ce kowa ya gayyato 'yan'uwansa, ya bi shafukan da aka lissafa masa, ya kalli bidiyon da aka zaɓa masa. Masu shirya wasan sun ce mutum miliyan 300 suka tara. Ranar 26 ga Satumba aka raba sulallan, da yawa suka tashi da abin da bai kai dala 10 ba bayan watanni suna danne-danne. Madalla da malaman da suka koya wa matasa haƙuri a farashi mai rahusa.

Sarkin masu kyauta dai shi ne Worldcoin na su Sam Altman. A Yulin 2023 aka girke wata ƙwallo mai sheƙi a Nairobi. Mutum ya matso, ya ware ido, ta ɗauki hoton ƙwayar idonsa, a tura masa sulalla 25, kimanin shilin 7,000 na Kenya. Layi ya miƙe a harabar babban zauren taro na Kenyatta, marasa aikin yi sun samu kuɗin cefane. Babu wanda aka wahalar da dogon bayani. Kamfanin ya ce bayanan suna cikin aminci, kuma ai mai saye ba ya ƙarya. Gwamnatin Kenya ce ta yi katsalandan, ta dakatar da aikin ranar 2 ga Agusta. Sifaniya da Fotugal suka bi sahu a 2024, sannan a Mayun 2025 babbar kotun Kenya ta ba da umarnin a goge abin da aka tara. Hassada ga mai rabo taki ce.

A duba hikimar wannan ciniki. Kuɗin da ake biya, kamfanin ne ke ƙirƙirarsa da kansa, kuma kasuwa na iya narkar da shi kafin gari ya waye. Abin da ake karɓa kuwa ba ya tsufa. Idan aka sace lambar sirri, sai a sauya ta. Idan layin waya ya ɓata, sai a yanki wani. Ido kuwa biyu Allah Ya ba kowa, babu na uku. Waɗannan dattawa sun gano cewa mai jin yunwa ba ya karanta sharuɗɗa, sai suka taimaka suka kai masa kasuwar har ƙofar gida. Allah Ya saka musu da kwatankwacin abin da suka yi wa talakawa.