Ƙararrawa na bugawa, mu muna neman takalmi

Mu nan Achilafiya ba wanda zai ce bai san lokacin makaranta ba. In monita ya kwaɗa wa ƙarfen nan, har na gona yana ji. Sai dai a daidai lokacin ne uwa ke tuna ba a sayo sugan koko ba, takalmi ƙafa ɗaya ya ɓata, yaro kuma ya kafe a zaure sai an ba shi kuɗin tara.

Maganar nan ta taso a teburin mai shayi. Wani dattijo da ya shiga firamare a 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta buɗe karatun firamare kyauta, ya ce a zamaninsu kafin malam ya iso an share fili, an yi layi, an miƙa hannu an duba farce da kai. Wanda ya makara, tsallen kwaɗo.

"Baba, har gobe haka muke yi," in ji malamin aji ɗaya. "Shara, layi, addu'a, taken ƙasa, kiran suna. Tsallen kwaɗon ne kawai muka rage."

Nan Baba ya samu abin taƙama. Taken da suka fara rerawa an sauya shi a 1978, sai ga shi a watan Mayun 2024 an dawo da shi. Yanzu wai shi ke gyara wa jikansa, alhali shi ma rabinsa gunguni yake yi. Aka kwashe da dariya.

Malam dai bai saki zancensa ba. Ya ce ɗan shekara shida ba ruwansa da jadawalin da ke manne a ofishin hedimasta. Abin da ya sani shi ne bayan kaza sai kaza. In kullum gaisuwa ce farko, sannan kiran suna, sannan a rubuta ranar yau a allo, cikin 'yan makonni yara da kansu za su zauna su fito da littafi. Har neman izinin fita fitsari sai an koya, ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba mutum ɗaya na ɗaga hannu rabin aji ya bi shi. Ranar da malam ya tsaya hira a waje kuwa, sai aji ya koma kasuwar Kazaure.

Ni a ganina gaskiyarsa ce, don makarantar allo ta riga boko gane wannan. Yaro ya san asuba karatu, ya san Alhamis da Juma'a hutu, ba a taɓa buga masa ƙarfe ba. Mu iyaye ke warware abin da malam ya ƙulla: damina a ce ya kai abinci gona, kaka a ce ya je roron gyaɗa, ranar kasuwa yarinya ta ɗauki farantin awara. Daga Roni har Gwiwa da Babura kuma, ban ce mun fi kowa laifi ba.

Mai shayi, da ke ta jinjina kai, ya ce lallai a gyara. Sai Malam ya leƙa bayan tebur.

"Alhaji, wancan mai wanke kofunan ba ɗan ajina ba ne?"

"Yau ɗaya dai, Malam. Yaron shagon ne bai zo ba."