Zakin Fagge

Mai son kallon zanen bango a Fagge ta Kano, ya sauka daga adaidaita ya taka da ƙafa. A jikin shagon mai aski an jera kawuna, kowanne da salon askinsa, amma fuska iri ɗaya, sai ka ce 'yan ɗaki ɗaya. Gaba kaɗan, mai maganin gargajiya ya sa an zana masa zaki. Bawan Allah ya fito da kunnen akuya da idon neman taimako, fastocin zaɓen 2023 kuma sun cinye masa wutsiya. A ƙarƙashinsa, da jan fenti: “An hana fitsari a nan.” Hancinka zai faɗa maka ko an ji. Malam, kalli zakin daga tsallaken titi.