Bature a kan rufin bas

An ce Bature mutum ne mai tsari. To, ku ji tsarin.

In ya shiga ƙaramar mota, sai ya ce yana "in". Daidai ne, ciki yake. Ya shiga bas, ya samu kujera, har ya kishingiɗa, sai ya ce yana "on". Wato a kai, wurin da yaron mota ke ɗaure buhunan albasa. Jirgin sama ma "on" ne, kuma har yau ba a ga Bature ko ɗaya rungume da fiffike ba.

Lokaci kuwa sai addu'a. Safiya shiga cikinta ake yi da "in". Litinin hawa kanta ake yi da "on". Dare ba a shiga, ba a hawa, sai dai a tsaya bakin ƙofarsa da "at". Ƙarshen mako ma rigima ce: mutumin Ingila ya ce "at", na Amurka ya ce "on", kowa rungume da ƙamus ɗinsa.

Su biyun babu wanda aka kayar a jarrabawa. Ɗan makaranta a Kano ne malam ke jira da jan biro.